Guɗar Hajjo

Ƙofar Kware, Sakkwato

Zuwa ga jikata Wasila,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Yau Talata, ƙafafuna sun kumbura, ko masallaci ban samu zuwa ba.

Maƙwabcina Muntari ya kunna mini a wayarsa waƙar da kika yi a babban zauren nan na Italiya. Ban san harshen ba, amma na ji tafi. Ya ce masu irin muryarki soprano ake ce musu. Ni dai guɗar kakarki Hajjo na ji. Ita ta koya miki ɗaga murya tun kina bin ta gidajen biki.

Sai dai a ƙarshen waƙar, inda kike hawa can sama, muryar ta ɗan tsage kafin ki riƙe ta. Masu tafin ba su lura ba. Haka guɗar Hajjo ta tsage ranar bikin gwaggonki Kulu, mata suka yi ta dariya. Daga nan tuwo ya fara tsaya mata a maƙogwaro. Ba ta ga daminar shekarar ba.

Ki je likita ya duba ki, sannan ki zo in gan ki.

Kakanki,
Malam Mode

*

Zuwa ga angona tsoho,

Ina gaishe ka, ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi.

Kunnen da ba ya jin sallama sai an maimaita, shi ne ya ji abin da shugaban makaɗanmu bai ji ba? Sanyi ne kawai. Ina shan zuma da citta.

An ba ni jagorancin wasan da na yi shekaru ina nema. In na je asibiti yanzu labari zai kai ga masu shirya wasan, su ba wata. Ka bari in gama. Juma'ar da ke gabanin azumi ina Sakkwato, in yi maka guɗa har mutanen garin Kwalkwalawa su ji.

Hajjo ta yi ciwon kunne a lokacin? Tambaya kawai nake.

Ka huta lafiya.

Amaryarka,
Wasila

*

Wasila,

Ina gaishe ki. Ta yi, na hagu. Don Allah ki bar wasan nan.

Mode

*

Zuwa ga Wasila,

Bayan gaisuwa. Yau Juma'ar da kika ce za ki zo, jikin da sauƙi, har na iya zama a zaure.

Kulu ta share ɗakin Hajjo. Na ce ta dama fura ruwa-ruwa, ko za ta fi miki daɗin haɗiya. Muntari ya nemo mini wasan a waya. Wata ce sanye da rigar jagorar wasan, ba ke ba. Ya kira ki, ba ki ɗauka ba, sai kika rubuto cewa kina hutawa. Na ce ya roƙe ki ko sallama ki yi mini da baki. Har yanzu ban ji muryarki ba.

Na zauna har aka kira magariba. Ba ki zo ba. Furar na nan a rufe.

Allah ya tsare ki.

Kakanki,
Mode