Raken Baba Yakuba

Litinin, 2 ga Disamba 2024
Masana'antarmu ta fara karɓar rake yau. Muna matse ruwan, mu tsima shi, mu tace ya zama alkol na murhun girki. Ni ce mai awon zaƙi a bakin ƙofa. Na aika wa Baba Yakuba a Bengou ya kawo nasa. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, bari ya ga amfanin lakwal, makarantar bokon da ya sa ni.

Alhamis, 5 ga Disamba
Ya zo da amalanke uku. Na auna, raken ya fara tsami. Tun Litinin ya sare, ya jibge a inuwa ya rufe da ganye yana yayyafa ruwa, yadda suke yi wa raken kasuwa. Mu kuwa na yini ɗaya muke so. Shef, shugabanmu na wurin aiki, yana tsaye a kaina. Na ce ba za mu karɓa ba, da Faransanci ma na faɗa, gaban mutane. Sai da Mumuni mai gadi ya fassara masa.
Ya dube ni ya ce, "To, Aisata." Ya juya shanunsa.

Juma'a, 6 ga Disamba
Ni ce ban gaya masa ya sare ranar da zai kawo ba. Ni ce.

Laraba, 11 ga Disamba
Kowace shekara raken farko na gonarsa ni yake aiko wa, ko lokacin da nake karatu a Yamai. Bana shiru. Na kira sau biyu, matarsa Inna Madina ta ce yana fadama. Kunya ta ishe ni, wallahi. Awon daidai ne, bakina ne ya yi ɓarna.

Asabar, 21 ga Disamba
Na je Bengou. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana fere rake da wuƙarsa. Jawabin da na shirya a mota duk ya gudu. Can ya miƙo min gaɓa ɗaya.
"Wannan ma sai kin auna, ƴata?"
Na karɓa na sha, ina kuka kamar sakarya.

Litinin, 23 ga Disamba
Na roƙi shef ya ɗauke ni daga bakin ƙofa, in riƙa zaga gonaki ina gaya wa manoma ranar sara. Na ce masa don aiki ya gyaru ne. Gobe Bengou zan fara.