Hannun Kawu Delbert

Mama,

Ina gaisuwa. Ya ƙafarki, ya su Wyatt? Lafiyata ƙalau a Bakersfield, abinci ne dai ba ya shiga.

Ban taɓa gaya wa kowa ba: hannun Kawu Delbert rawa yake yi yanzu. Siraran layukan fentin da ake yabawa a jikin motarsa ta gasa, ni nake ja. Ran Asabar kuma a wurin gasar, a gaban jama'a zai ja layi, kamar yadda ya saba. Jiya ya ce, "Ke sarkin karatun soyayya, ajiye littafin ki yi min addu'a." Ya yi dariya, ni na kasa.

Ina so in karɓi burushin a madadinsa, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Shi zan fara miƙa wa wasiƙar nan ya karanta, kafin in aiko miki.

Ki sa mana albarka.

'Yarki,
Darlene