Ƙafafun Kajin Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke, ina gaida Inna, da fatan ƙafarta ta yi sauƙi. Kada ki wahalar da kanki da kira, wayar na sayar, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Yaya, an yanka mu. An ninka kuɗin makaranta, kuma duk wanda bai cika ba, ba shi ba aji, ba shi ba gonar jami'a. Kin san kajina suna can, kajin gwajin da zan kammala digiri da su. Tun suna 'yan tsaki nake auna musu abinci, ina ɗora su a sikeli duk mako, kowacce da zobe mai lamba a ƙafarta. Yanzu maigadi ke tare ni a ƙofa yana sunkuyar da kai, don shi ma kunya yake ji.

Kin san wa ya sa hannu a madadin ɗalibai? Mai Lasifika! Shi dai, shugaban ƙungiyarmu, abokin aikina a gwajin nan, wanda ya zo mana hutu ya share tukunya, kika ɗinka masa riga kyauta. Ranar zanga-zanga yana kan tebur yana rantsuwa sai dai a bi ta kan gawarsa. Ya shiga ofis ya bar mu a rana, ya fito yana washe baki, an yafe masa nasa kuɗin. Rabin ɗakinmu sun watse. Mai kwana a gadon samana jiya ta naɗe katifarta tana kuka, saura mata kaɗan ta gama.

Ya ce zai kula da kajin. Na miƙa masa mukullin kejin.

Ƙanwarki, Auta.

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, saƙonki ya iso, Inna tana sa miki albarka.

Ki sassauta harshe. Na san halinki tun kina goye a bayana: in ranki ya ɓaci ba kya ganin gabanki. Yaron nan bai kyauta ba, amma ba shi ya kai ki makaranta ba. Takarda kika je nema, ki samo ta, sannan ki yi fushi son ranki. Kada ki tattaro kaya. Ina nan ina faɗi-tashi a shago, ki ba ni lokaci.

Na bar ki lafiya. Yayarki.

Yaya,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya ba.

Ya yanka su. Kajina! Ƙungiya ta yi liyafar wai an samu sulhu da hukumar makaranta, aka rasa nama, ɗan banzan nan ya buɗe keji. Mai dafa abincin ɗalibai ce ta kira ni bayan kicin, ta miƙo min leda, ta ce, "'Yata, na ga zobba a ƙafafun nan, na ce waɗannan ba na kasuwa ba ne." Na zube a kan buhun albasa na yi kuka har ta ji tsoro.

Na same shi a ɗakin karatu. Ko gezau! Wai, "Haba Auta, kaji ne fa. Na cike sauran awon daga kaina, wa zai ƙirga? Sunanki na nan kusa da nawa. Ranar da za mu kare aikinmu a gaban malamai ki yi shiru kawai, za a riƙe sakamakonki, duk ranar da kika biya ki karɓa."

Duk ranar da na biya! Da me? Na san abin da shago ke kawowa, Yaya, kada ki ruɗe ni da faɗi-tashi. Shekarar nan ta riga ta tafi min. To wallahi ba zai haye ta kan gawar kajina ya sa hular digiri ba. Na barbaɗe ƙafafun da gishiri na shanya su a taga. 'Yan ɗakinmu suna toshe hanci, ni kuwa ƙamshi nake ji.

Auta.

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ga amsarki ba, an ce motar direba tana gareji, don haka ga labari ta hannun wani.

Ranar kare aiki zaure a buɗe yake ga kowa. Na zauna a baya da kwanona a cinya. Ya tashi cikin kwat yana zuba, wai kajin sun yi ƙiba har makon ƙarshe. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ce ko akwai mai tambaya. Na taka har gaban tebur, na juye kwanon a kan littafin aikinmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga waɗanda suka yi ƙibar. A duba lambobin, a tambaye shi ranar da aka ci su."

An soke aikin gaba ɗaya, nawa da nasa. Shi an kore shi. Ni an ce in ina so in dawo baɗi, in sake da sababbin 'yan tsaki. Ban yi asarar komai ba, tunda dama ba ni da abin biya. Rabon da in yi barci mai daɗi irin na jiya har na manta.

Taki, Auta.

Auta,

Salama. Takardata tana aljihun direba a gareji, ga abin da ke ciki: na sayar da keken ɗinki, na biya miki a banki tun kafin ki shanya ƙafafun nan. Yau na koma na tambaya, sun ce ba a mayarwa.

Ban gaya wa Inna ba tukuna. Ki dawo gida, akwai aikin hannu da za mu riƙa karɓa. Amma kafin ki taso, ki zauna ki rubuto min yadda fuskarsa ta yi, dalla-dalla, kada ki tsallake komai. Ita na saya da kekena, ina so in gani.

Yayarki.