Ƙwai a lagireto: motar da aminin babana ya sayar mini

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, don zuciyata ta riga ta yanke wani hukunci, kuma ni kaina na san ba mai kyau ba ne.

Ni malamin firamare ne, a Roni nake zaune da iyalina da mahaifiyata. Inna tana da hawan jini, duk wata sai na kai ta asibiti Kazaure a bayan babur, tsohuwa tana riƙe da rigata muna tsalle a ramuka. Abin ya dame ni, na yi shekara uku ina tari, na sayar da shanun hannuna biyu, na ce ko akwala ce sai na saya mata. Akwai wani aminin marigayi babanmu a Kazaure, Baba Alhaji muke ce masa, yana ɗan juya tsofaffin motoci. Da ya ji labari shi ya kira ni da kansa, ya ce akwai wata ya ajiye mini, tsohuwa ce amma injinta lafiya lau. Na je na tarar an riga an tayar da ita tana ta aiki. Da na ce zan zo da makanike ya duba, sai ya ɓata rai, wai ni ɗansa ne, zan kawo masa makanike kamar wani baƙo? Kunya ta rufe ni. Na ce na saya, ya ce ya sallama, aka shafa fatiha.

Ranar da ta cika kwana goma sha tara a hannuna, Inna ta tashi bakinta ya karkace, magana ba ta fita sosai. Muka sa ta a mota. Ba mu yi rabin hanya ba tururi ya turnuƙe gaban motar, motar ta mutu mana murus a kan hawa, rana tsaka. Sai a gindin wata bishiya muka kwantar da Inna, ina ta ɗaga wa motoci hannu kamar mahaukaci, kusan awa uku kafin wani mai a-kori-kura ya tausaya mana. Ciwo daga Allah ne, na sani, amma likita ya ce mun makara, kuma har yau hannunta na dama bai dawo ba, sai an ba ta abinci a baki.

Da makanike ya buɗe motar kira na ya yi in zo in gani da idona. Ƙwai aka fasa a lagireto, ya dahu ya toshe inda yake yoyo, aka ɗura baƙin mai mai kauri don kada a ji ƙarar inji, shi ya sa ma aka tayar da ita tun kafin in iso. Na je wurin Baba Alhaji, na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, na faɗa masa. Ko kunya babu, ya ce tsohuwar mota sai haƙuri, ciniki ya riga ya faɗa, kuma ai ni ne ban kawo makanike ba. Wallahi da ba don furfurarsa ba da ranar an ji mu. Bai ko tambayi jikin Inna ba.

Tun ranar ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. An ɗan lallaɓa motar tana tashi, amma makanike ya ce injin ba zai yi nisa ba. Sai ga shi makon jiya surukin Baba Alhaji, mijin 'yarsa da ke aure a Babura, ya kira ni wai ya ji zan sayar da mota, yana so ya riƙa ɗaukar fasinja ranakun kasuwa. Bai san daga hannun wa ta fito ba, don kwana kaɗan ta yi a wurin tsohon. Na ce a raina, ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere. Na sayi ƙwai biyu da galan ɗin mai mai kaurin nan. Mun sa Asabar ranar ciniki, na kuma ce a gayyato Baba Alhaji ya zama shaida, ina so in ga idonsa. Ko ya buɗe baki ya tona wa kansa asiri a gaban surukinsa, ko ya yi shiru ya bar 'yarsa ta shiga abin da ya sa uwata a ciki. Duk wanda ya zaɓa, ni dai na huce.

Matsalar ita ce 'yar tasa. Tare muka taso, Yaya take ce mini. Da Inna ke kwance a asibiti ita ta baro Babura ta yi kwana huɗu tana yi mata wanka, ban kuwa faɗa mata abin da motar ta yi mana ba, kuma yanzu cikinta wata bakwai. Idan tsohon ya yi shiru, kuma na san zai iya, wannan motar ce za ta ɗauke ta ranar naƙuda.

Jiya mijin ya sake kira, yana ta kame-kame, wai ko zan ji haushi idan ya zo da makanike. Kafin in ba shi amsa na jiyo muryarta daga gefe tana cewa, "Haba, motar Yaya ce za ka kawo wa makanike?"

Na kashe wayar. Ƙwan nan biyu suna kan tagar ɗakina, Inna tana tsakar gida ana ba ta kunu a cokali. Jama'a, in fasa su a lagireto ko in fasa cinikin? In na fasa cinikin kuma, ta ina zan rama?