Magaryar Inna da Ka Sare

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba a kan ƙanwa ga wanta, ina yi maka sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Wannan haƙƙin Musulunci ne, na sauke shi. Abin da zai biyo baya nawa ne.

'Yarka Maryam ta kira ni ranar Talata. Hausarta ba ta wuce "sannu" ba, Larabcinta kuma na makaranta ne, amma na gane saƙon: kana kwance a asibiti a ƙasar Turawan da ka zaɓa, ka ce a gaya wa Hajara ta yafe. Ba ka ce a yafe me ba. Shekara hamsin da ɗoriya, har yau bakinka ya kasa faɗin abin da ka yi. To ni zan faɗa maka, kuma a fili, inda 'yan unguwarmu ta Sa'alaba a nan Jidda da 'ya'yansu za su karanta, domin su ma na yi musu ƙarya saboda kai. Na ce musu gara ce ta cinye magaryar Inna. Ba gara ba ce. Kai ne, da zarto.

Ka fi ni sanin asalin bishiyar nan. Kana goye a bayan Inna lokacin da Baba ya rasu a hanyar hajji, a wani ƙauye na Sudan, ni kuwa ina ciki. Aka binne shi kusa da wata magarya. Inna ta tsinci 'ya'yanta, ta ƙulle a gefen zane, ta ƙetaro teku da su, ta shuka a tsakar gidanmu, a ƙasar nan mai gishiri da ko ciyawa ba ta so. Ruwa a lokacin sai an saya a hannun masu garwa, ba wanda yake zubar da shi don bishiya. Sai Inna ta mayar da gindinta wurin alwala. Sau biyar a rana, abin da ya zubo daga fuskarta da hannuwanta shi ne abin shan magaryar. Shekara ashirin ba ta wuce tsayin mutum ya ɗaga hannu ba, amma tana raye.

Kuma kada ka ce ba ka ji ba, don a gabanka take faɗa: "In na mutu, da ganyen nan za a yi mini wanka, in je wa mahaifinku da ƙanshin inda na bar shi."

A shekarar da ka sare ta, kai kana aikin lambu a gidan Hawaja, Baturen injiniyan nan na tashar jiragen ruwa, ni ina wanki da guga. Shi ne kafilinmu, wanda ya tsaya mana a wajen hukuma, iƙamarmu mu biyu, takardar zaman ƙasa, a hannunsa take. Bikin Kirsimetinsu ya matso, akwatin da aka aiko wa matarsa Madam daga ƙasarsu, mai bishiyar roba da kayan adonta, ya maƙale a jirgi bai sauka ba. 'Ya'yanta mata biyu suka yi ta kuka. Jidda kuwa a zamanin, in ka cire dabino, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga abin da za a kira bishiya ba. Kai kuma ka ji ƙishin-ƙishin za a canza wa Hawaja wurin aiki, zai tafi da ma'aikaci ɗaya, ko kai ko direba.

Inna ta tafi Makka kwana uku gaida ƙawarta da ba ta da lafiya. Ka jira har ta hau mota.

Ina shanya a bayan gidan Hawaja da hantsi ka shigo da keken jaki ɗauke da wata bishiya. Ka riga ka yi mata aski da almakashin lambu, ƙasa faɗi, sama tsini, yadda ka gani a hotunan Madam. Na yarda, hannunka ya iya aiki, da farko ban gane ta ba. Ƙusar ce ta tona ka, wadda Inna ta kafa a jikinta tana rataye carbi. Ka ga idona a kan ƙusar, ka matso ka ce, "Kin buɗe baki, halas, shi ke nan, mu biyu a titi." Iyakar abin da ka ce mini ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

Madam ta fito tana tafi. Lokacin nunar magarya ne, 'ya'yanta sun fara ja, ta ce dubi, har da adonta ta zo. Ta tambaye ka inda ka samo, ka ce a wani kwari bayan gari, ba ta kowa ba ce. Ban taɓa riƙe matar nan a raina ba. Bikinta take so ta yi wa 'ya'yanta a ƙasar da ba tata ba, kuma da ta san gaskiya, na tabbata da ba ta bari an shigar da ita falo ba.

Aka dasa ta a bokiti cike da yashi. Da yake kayan ado ba su iso ba, Madam ta ce a yi da abin da ke lambu, ta kamo hannuna don ta san na iya zare da allura. Ni, Yaya. Ni na yanka lemun tsami fale-fale na shanya a saman soro. Ni na soka kanumfari a jikin waɗanda ba a yanka ba. Na shirya jan barkono a zare, na huda bawon katantanwar da yaran suka tsinto a bakin teku, na farke tsohon matashi na yayyafa audugar a rassa, wai ƙanƙarar ƙasarsu ke nan. Ƙusar kuwa na rataya mata furen ful, farin nan mai ƙanshi, har ta ɓace, don kada wani ya tambaya. Da aka zo tauraron da ake ɗorawa a can ƙoli, na tsago ganyen dabino na saƙa shi da irin saƙar faifan da Inna ta koya mini.

Ƙaya ta soke ni ya fi a ƙirga. Madam ta ga hawaye, ta ɗauka zafin ƙayar ne, ta kawo magani ta ɗaure mini yatsa tana ba ni haƙuri. Kai kana bakin ƙofa Hawaja yana dafa kafaɗarka, haƙoranka duk a waje.

Ba ka kwana gida ba a makon, ka laɓe a ɗakin lambu. Ni kaɗai na tari Inna. Ta shigo, ta sauke ƙunshinta, ta tsaya. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Na ce gara ce ta ci gindin, ta faɗi, muka fitar da ita. Ta durƙusa ta shafa kututturen, sumul, sawun zarto a fili. Ta ce, "Garar nan ta iya aiki." Sannan ta ɗauki buta ta yi alwalar la'asar a kansa yadda ta saba. Haka ta ci gaba da yi kullum, tana zuba ruwa a kan guntun itace, ba ta taɓa tambayata ba, ba ta kuma ƙara kallona ido cikin ido ba.

Da bikin ya wuce aka jefar da bishiyar bayan katanga tare da shara. Na je na zauna a rana ina tsige ganyen ɗaya-ɗaya a mayafina, ina cire auduga da ɗigon kyandir. Inna ba ta cika wata biyu ba ta rasu.

Ranar ka zo, ba zan yi maka ƙarya ba, ka zo. Ka tsaya a zaure da garin ganyen magarya, sidir a bakin Larabawa, a ƙunshin takarda daga shagon mai kayan ƙamshi, ka miƙo mini ka ce, "Sidir sidir ne, duk ɗaya." Kwatami ya sha garinka. Nawa na daka a turmi na kai wa Hajiya Dije, maƙwabciyarmu mai wankan gawa. Da aka jiƙa, ruwan ya tashi da ƙanshin kanumfari da lemo. Hajiya Dije ta ce me na ƙara a ciki, na ce ba komai. Inna ta tafi da ganyenta, amma da ƙanshin falon Hawaja ta je wa Baba, kuma kai ka jawo.

Mako uku bayan nan ka bi Hawaja. Ka ci nasara a kan direba, barka. Abin da ka aiko mini a duk shekarun nan hoto ɗaya ne, kana sanye da kwat, a gefen irin bishiyar tasu ta ainihi. Na daɗe ina tunanin ko rashin kunya ne ko rashin hankali, na ga kana da duka biyun.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba sarar ba ce. Ka sa hannuna a ciki. Inna ta mutu tana sane 'yarta ta dube ta ta yi mata ƙarya, kuma ni da bakina na yi, don tsoron takarda. In na tsane ka, rabin abin kaina nake tsana, shi ya sa bai huce ba.

Duk da haka ban manta ba kai ne kake ɗora ni a wuya ka kai ni kallon jiragen alhazai. Kai ne kake zama a gindin magaryar nan kana cire mini ƙaya a tafin ƙafa, kana hura wurin. Na so a ce na manta, da abin ya zo mini da sauƙi.

Akwai labarin da ban taɓa ba ka ba, don ban ga ka cancanta ba. Kututturen ya tofo. Wata uku bayan Inna, ganye biyu suka leƙo daga gefensa. Ruwan alwalar da ta yi ta zubawa ne, ita ce dai ba ta gani ba. Yau magaryar ta wuce rufin gida. Duk wanda aka yi wa rasuwa a unguwar nan ƙofata yake bugawa, ban taɓa hana kowa ba.

Shekaranjiya na tsinko mudu guda, yana shanye a inuwa. Akwai mai tafiya wajenku mako mai zuwa, zai kai wa Maryam. Na san a can ba magarya, kuma ban yarda a wanke ɗan Inna da sabulun asibiti kaɗai ba. Ka ce ta ajiye a wuri busasshe. In lokaci ya yi a daka, a zuba a ruwan farko.

Kada ka ɗauka yafiya ce na aiko. Ganye ne. Haƙƙin Inna ba ni da iko da shi, kai da ita ne a gaban Allah. Nawa kuwa yana nan a hannuna, kuma ba ta bakin Maryam za ka karɓa ba. Ka sa ta riƙe maka wayar, ka ce, "Hajara, ni na sare." Kalma huɗu. Ina gida kullum bayan la'asar, a gindinta nake zama.

Allah ya jiƙan Inna da Baba, ya haɗa su a inuwar da ba mai sarewa. Allah ya sassauta maka ciwo, ya ara maka numfashin da zai kai ka faɗin gaskiya. Ni kuma ya tausasa zuciyata kafin wayar ta yi ƙara, don yau dai ba ta tausasa ba.

Ƙanwarka, wadda ta saƙa tauraron,
Hajara, Sa'alaba, Jidda