Wa Zai Ɗaga Aku?

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara rufa asiri. Mu ma muna nan, da godiya. 'Yarki Aku tana nan da surutunta. Ba ki yi ƙarya ba da kika laƙaba mata sunan, shekara biyu amma bakinta ya fi na tsohuwa.

Yaya, ba lafiya ce ta sa na ɗauki biro ba. Kin san tun da haɗarin nan ya tafi da babanta ya bar ni a keken guragu, ofishin taimako ke turo mana mata biyu. Ɗaya, wadda muke kira Doguwa, takan zo kowace safiya ta yi mini wanka, ta sa mini kaya, ta ɗora ni a keke. Ɗayar ta ɓangaren yara ce, jefi-jefi take leƙowa ta duba Aku. Ƙa'idarsu kuwa, wadda aka turo wa babba ba ta taɓa yaro, ko da yana kuka a gabanta. Gida ɗaya, uwa da 'yarta, amma an raba mu kamar kayan gado. Shi ya sa na koya wa Aku hawa da kanta: in na bubbuga gwiwata sai ta taka matakin keken, ta kama zanena, in tallafo ta har cinya. Haka muke lallaɓawa, kuma wallahi muna yi.

Makon jiya Doguwa ta ciro ni daga kujerar wanka, ba ta kai ga keken ba, sai ga Aku da gudu. Santsi ya kwashe ta, goshinta ya bugi bakin ƙofa. Ina kallon jini, ina ta bubbuga gwiwa kamar mahaukaciya, yarinya ta kasa tashi. Doguwa ta zaunar da ni a ƙasa, ta sure ta, ta danne wurin da tawul. Allah ya saka mata da alheri, ciwon bai yi zurfi ba. Na roƙe ta kada ta faɗa a ofis, ta ce dole ne ta faɗa, tana maganar tana hawaye. Saboda ta taɓa yarinyar, an sauya mata gidan aiki. Wadda ke zuwa yanzu ko inda Aku take ba ta kallo.

Shekaranjiya matar ɓangaren yara ta zo. Da taushin murya ta ce ba wanda ya ce na gaza a uwa, amma gidan nan babu mai iya ɗaga yarinya daga ƙasa. In ba a sami ɗan'uwan da zai zauna da mu ba kafin ƙarshen wata, za su ba wasu riƙonta, in riƙa ganinta lokaci-lokaci. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban ji ba ko ranar da likita ya ce ba zan sake takawa ba.

Na san nisa, na san kina da naki nauyin. Amma ki zo, ko ki turo mini babbar 'yarki. In duk ba zai yiwu ba, ki zo ki tafi da ita, gara hannunki da na baƙi.

Ki gaishe da maigidan, da Inna, da Kawu mai shago, da 'yan biyu. Aku ma tana gaishe ki. Ga ta nan gabana, 'yar tsanarta ta faɗi ƙasa. Ba ta ɗauke ta ba. Ta zauna tana bubbuga gwiwarta, tana ce mata ta hau da kanta, Mama ba ta iya ɗagawa.

Ina jiran amsarki.

Taki,
Ƙanwarki