Sun Gyara wa Inna Hausarta

Zuwa ga Yaya Hussaina, Bodinga.

Bayan gaisuwa, ina su Baba? Ni lahiya lau, ƙahwa ce kawai ta kumbura da yawon Kano.

Yaya, littahin hwarko na ɗan kamfaninmu, tatsuniyoyin da munka ɗauko daga bakin Inna a Shagari, wai mai ɗab'i ya gyara! Duk inda Inna ta ce "munka tahi", ya mayar "muka tafi", wai kuskure ne. Na ce, "Malam, tsohuwar ga ba ta taɓa taka Kano ba!" Kwana huɗu ina zaune kansa muna maido kowace kalma.

Ki ba Inna haƙuri. In anka karanta mata, muryarta za ta ji. Allah shi ƙara mata sauƙi.

Ƙanwarki,
Kaltume